Awon ɗaurin bulon a gyaran mota: ina ake samun adadin gaskiya?

Wanga bayani mun shirya shi ne domin makanikai, direbobi da masu motoci. Magana ce kan ɗaurin bulon da noti a kayan da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyi: faifan bayan inji da ake kira bolan, ambirayaji wato kuloci, buwat wato akwatin giya, kardan, pon, da notin tsakiyar ƙafa.

Motocinmu ba su hutawa. Hiace na ɗibar ƴan kasuwa, Hilux da Land Cruiser na jigilar buhunan gero, wake, gyaɗa da aya, Corolla na kai mara lafiya likita Maraɗi cikin dare. Babbar hanya mai lamba 1 da ta ratsa Gidan Rumji, Tsibiri, Cadawa, Agye da Gazawa kwalta ce, amma da an sauka daga kanta sai rairayi da gargada. Girgizar irin wannan hanya ita ke tona asirin duk bulon da ba a ɗaure daidai ba. Abin da muke so a riƙe guda ne: kowane bulon na waɗannan wurare yana da adadinsa, kamfanin da ya ƙera motar ne ya yanke shi, kuma ana iya nemo shi.

Mene ne awon ɗauri?

Bulon ƙarfe ne, amma idan an ɗaure shi yana miƙewa ɗan kaɗan, abin da ido ba ya gani. Wannan miƙewar ce ke matse ƙarfe biyu wuri ɗaya. In ɗaurin bai kai ba, matsewar ba ta isa, girgiza sai ta kwance shi sannu a hankali. In ya wuce kima, bulon ya miƙe har ya kasa komawa, ko zarensa ya mutu, ko ya tsinke bayan kwanaki alhali mota na gudu.

Ana auna ƙarfin murɗawa da abu biyu: nauyin da aka danna, da tsawon kilen da aka danna da shi. Ma'aunin da aka fi gani a littattafai shi ne N.m, wato niyutan-mita. A sauƙaƙe, in ka rataya kilo 1 a ƙarshen kile mai tsawon mita 1, ka ba da kusan N.m 10. Kilo 10 a kan rabin mita kusan 49 ne.

Yanzu a duba abin da ake yi a garaji da yawa. A zura bututu mai mita 1 a kile, a ce wa yaro mai kilo 70 ya hau. Ko bai yi tsalle ba, ya ba da kusan N.m 690. Notin tsakiyar ƙafar ƙaramar mota irin Corolla bai buƙaci ko kashi ɗaya cikin uku na wannan ba.

Abin da kuskure ke jawowa

Notin tsakiyar ƙafa shi ke riƙe rulma, wanda a Najeriya ake cewa boris. In ya yi sako-sako rulma ta fara wasa, ta yi kuka, ta lalace da wuri. In an matse shi fiye da kima, zaren kardan na iya mutuwa, rulma ma ta sha wahala.

Bulon ɗin doguwar kardan ta Hilux ko Hiace in suka kwance, kardan na iya faɗowa. In bakin gaba ne ya faɗo, yana cakar ƙasa mota na tafiya, kuma hakan na iya kifar da ita da mutane a ciki.

Bulon ɗin bolan in suka saki, za a ji bugu a bayan inji, daga baya su yanke. Gyaransu sai an sake sauke buwat baki ɗaya, kuɗin aiki sau biyu ke nan.

Jikin buwat na yawancin ƙananan motoci alminiyam ne, ya fi bulon taushi. Ɗan ƙarin ƙarfi kaɗan sai zaren ya fito a hannu.

Notin taya kuwa, duk wanda ya taɓa ganin taya ta wuce motarta a kan hanya ya san inda maganar ta dosa.

Mataki na farko: a san motar da kyau

Sunan mota kaɗai bai isa ba. Corolla iri-iri ce, Hiace ma haka. Yawancin motocinmu tsofaffi ne da sunka shigo daga Turai, Amurka ko Dubai ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome, kuma da yawa an sha canza musu inji ko buwat. Abubuwa uku ake nema.

Na ɗaya, lambar shasi. A yawancin motoci haruffa da lambobi 17 ne. Tana cikin katgiris, kuma an buga ta a jikin motar. Motocin da aka ƙera domin kasuwar cikin Japan lambarsu ta fi gajarta.

Na biyu, ɗan farantin kamfani ko takardar da aka manna cikin ɗakin inji ko a ginshiƙin ƙofa. A motocin Toyota nan ake ganin lambar samfuri da ta buwat. Misali ZZE122 Corolla ce mai inji 1ZZ-FE. LN106 Hilux ce mai inji 3L. KUN25 Hilux ce mai inji 2KD. HZJ79 Land Cruiser ce mai inji 1HZ. Hiace da lambarta ta fara da LH mai gazuwal ce, wadda ta fara da RZH mai esans ce.

Na uku, lambar da ke jikin injin da buwat ɗin kansu. In an canza inji, adadin bolan da ambirayaji na injin da ke cikin motar yanzu ake bi, ko da katgiris ya faɗi wani abu daban.

A ɗauki hoton waɗannan lambobi a ajiye cikin salula. Duk wanda za a tambaya, su zai fara nema.

Mataki na biyu: inda adadin yake

Wuri mafi inganci shi ne littafin gyara na kamfanin da ya ƙera motar. Wannan daban yake da ƙaramin littafin direba da ke zuwa cikin mota, wanda galibi adadin notin taya kawai ake samu a ciki. Littafin gyara na nuna zanen kowane sashe da adadin kowane bulon a gefensa. Manyan kamfanoni kamar Toyota da Peugeot suna da shafukan intanet da makanikai ke biya su karanta na ɗan lokaci. Wakilin Toyota a Yamai, wato CFAO, shi ma da littattafan kamfani yake aiki.

Na biye da shi su ne littattafan da wasu kamfanoni ke bugawa mota-mota. A Faransa akwai Revue Technique Automobile, ana taƙaita shi RTA, tun 1946 ake buga shi. Shi ya fi dacewa da makanikanmu da sunka yi lakkol da Faransanci. A nemi shafin da aka rubuta couples de serrage. A Ingila akwai littattafan Haynes, da Turanci, adadin na farkon kowane babi.

Na uku, takardar da ke cikin kwalin sabon kaya. Wasu kamfanonin rulma da ambirayaji kan saka ƴar takarda mai adadi da yadda ake ɗaurawa. Kar a jefar da ita tare da kwalin.

Na ƙarshe shi ne abin da ake tsinta a Facebook, YouTube, WhatsApp, ko amsar da manhajojin salula ke bayarwa. A nan sai an yi hattara. Mai bidiyon na iya zama yana aiki a kan motar wata shekara ko wani inji. Hoton shafin littafi da ke nuna sunan samfuri ya fi adadin da wani ya rubuto da hannu. In wurare biyu da ba su kwafi juna ba sun ba da adadi ɗaya, ana iya natsuwa. In sun saɓa, littafin kamfani ke raba gardama.

Mataki na uku: a karanta ma'aunin

Ana iya samun adadin gaskiya a yi kuskure wurin ma'auni. Ga waɗanda ake haɗuwa da su.

N.m shi ne na yau da kullum.

daN.m ko m.daN na cikin littattafan Faransa. 1 ɗinsa N.m 10 ne. In RTA ya ce 10,3 to N.m 103 ke nan.

kgf.m ko m.kg na tsofaffin littattafai. 1 ɗinsa N.m 9.8 ne, kusan 10.

kgf.cm na cikin littattafan Toyota. A raba da 10 a samu kusan N.m. Misali 2,200 daidai yake da N.m 216.

ft.lbf ko lb.ft na Amurka. A ninka da 1.36 a samu N.m. Akwai kuma in.lbf na ƙananan bulon, 12 ɗinsa ke yin ft.lbf 1.

Ga yadda ruɗanin ke cutarwa. Noti mai N.m 216, a ma'aunin Amurka 159 ne. Wanda ya ga 159 ya saita kilensa a layin N.m, ya rage kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaurin. Wanda ya ga 216 ya saita a layin Amurka, ya kai N.m 293. Kile da yawa na da layuka biyu a jiki, sai a duba wanne ake karantawa.

Mataki na huɗu: sharuɗɗan da ke tare da adadin

Adadi ba ya tafiya shi kaɗai. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da ake murɗawa yana tafiya ne wurin gogayya a zare da ƙarƙashin kan bulon. Sauran kashi 10 ne ke miƙe shi. Shi ya sa in littafi bai ce a shafa mai ba, ana nufin zare mai tsabta kuma busasshe. In aka shafa giris aka ɗaure da adadin busasshe, bulon zai miƙe fiye da yadda ake so. In kuma zaren cike yake da tsatsa da rairayi, kile zai ce an kai alhali matsewar ba ta kai ba. A garajinmu da ake aiki a ƙasa, bulon da ya faɗi cikin rairayi sai an wanke shi an goge.

Wasu bulon ana ɗaure su da adadi sannan a ƙara kwana. In aka rubuta 49 N.m + 90°, ana nufin a kai 49, a sa alama da alli ko fenti a kan bulon, a ƙara rubu'in zagaye. Kan bulon na da gefe shida, kowane gefe digiri 60 ne, don haka digiri 90 gefe ɗaya da rabi ne. Irin waɗannan bulon kamfanoni da yawa na cewa a sa sababbi duk lokacin da aka kwance.

Wasu wuraren littafi zai ce a ɗiga maganin kulle zare, irin su Loctite. Notin tsakiyar ƙafa kuma, wani ana lotsa bakinsa cikin tsagin kardan, wani ana sa masa fil mai baki biyu. Wanda aka lotsa sau ɗaya, sabo ya kamata a sa.

Akwai kuma tsari. Duk abin da ke da bulon a zagaye, kamar taya, bolan da murfin ambirayaji, ana ɗaure shi tsallake-tsallake, wannan sai na gabansa, a zagaye biyu ko uku, kafin a kai adadin ƙarshe.

Misali da mota guda

Mu ɗauki Corolla ta wajen 2003 zuwa 2007 mai inji 1ZZ-FE. Notin taya N.m 103. Notin tsakiyar ƙafar gaba 216. Bulon ɗin murfin ambirayaji 19 kacal. Murfin juye man buwat ta hannu 39. Bulon ɗin bolan 49 da ƙarin digiri 90. Amma in wannan injin na tare da buwat otomatik ne, faifan da ke wannan gurbin 88 ake ɗaure shi, babu ƙarin kwana.

Kun ji ko? Inji ɗaya, gurbi ɗaya, adadi biyu. Kuma tsakanin 19 da 216 akwai ninki goma sha ɗaya. N.m 19 bai wuce danna kilo 10 a kan kile mai santimita 20 ba, hannu ɗaya ya isa. Waɗannan adadi na wannan motar ne kawai, kar a ɗauke su a kai kan Hiace ko Peugeot.

In an rasa littafi

Ga ƙananan bulon na gama-gari, kamar masu riƙe ƙarfen tallafi ko murfi a kan ƙarfe, akwai jadawalin da ake bi ta kaurin bulon da ƙarfinsa.

Kauri na nufin faɗin jikin zare, ba lambar kile ba. Nan ake yawan ruɗewa. Bulon mai kaurin milimita 8, a motar Japan kile 12 ke kama shi, a motar Turai kile 13. Mai milimita 10, a ta Japan kile 14, a ta Turai 16 ko 17. Mai milimita 12, a ta Japan kile 17, a ta Turai 18 ko 19. Ashe kile 17 na iya kama bulon iri biyu masu adadi daban.

Ƙarfi kuma an buga shi a kan bulon: 8.8, 10.9 ko 12.9. Babbar lamba, babban ƙarfi. Ga mai 8.8, milimita 6 kusan N.m 10 ne, milimita 8 kusan 25, milimita 10 kusan 50, milimita 12 kusan 85. Ga mai 10.9, milimita 8 kusan 35, milimita 10 kusan 70, milimita 12 kusan 120. Toyota na da nata alamomin, kamar 4, 6 ko 7, da nata jadawalin a cikin littafinta. Bulon da babu komai a kansa, irin na ƙofa da amalanke, ba shi da gurbi a kardan ko bolan, ko da zarensa ya shiga daidai.

Wuraren da jadawali ba ya aiki

Bolan, notin tsakiyar ƙafa, notin taya, kardan, da duk bulon da ke shiga alminiyam, adadin littafi kawai ake bi.

Wurare biyu kuma sun fi ƙarfin adadi ɗaya. Na farko notin bakin pon, inda kardan ke haɗuwa da shi. A motoci da yawa, har da Hilux da Hiace, akwai wani zobe a ciki da ke lotsewa yayin ɗauri. Ana ɗaurewa kaɗan-kaɗan ana auna taurin juyawar bakin pon ɗin. In an wuce, ba a warwarewa baya, sai dai a sa sabon zobe. Na biyu rulmar ƙafar gaba mai saiti ta tsofaffin Hilux da Hiace. Ita ana ɗaurewa, a juya ƙafar, a sassauta, sannan a sake kamawa da sauƙi yadda littafi ya tsara. Wanda ya matse ta kamar ta Corolla zai ƙone ta.

Kile mai awo, da dabarar da ake yi in babu

Kile mai awo, wanda makanikai ke kira kile dinamo, iri uku ne: mai ƙara "ƙas" in an kai adadi, mai allura, da mai lantarki. Guda ɗaya ba ya ɗaukar komai. Babba mai kai 200 zuwa sama bai dace da bulon mai 19 ba, domin a ƙasan layinsa ba ya faɗin gaskiya sosai. Garaji na buƙatar ƙarami da babba. Da ya yi ƙara a tsaya, kar a ƙara "na tabbatarwa". Ba a kwance bulon da shi, kuma bayan aiki a mayar da saitinsa ƙasa. Ƙa'idar duniya ta ce a gwada shi duk shekara ko bayan ɗauri 5,000.

Ana iya gwada shi a gida. A kama bakinsa a maƙala, ya miƙe kwance, a rataya bidon mai ruwa lita 20 a nisan santimita 40 daga tsakiyar bakin. Wannan kusan N.m 80 ne. In an saita 80 ya yi ƙara a daidai nan, yana lafiya.

In babu kile mai awo, sikelin rataye na ƴan kasuwa na taimakawa. A ɗaura shi a bututu, mita 1 daga tsakiyar noti, a ja shi a gicciye da bututun. Kilo 22 ya ba da 216. A rabin mita, kilo 21 ya ba da 103. Ko kuma mutum mai kilo 70 ya tsaya a hankali, ba tsalle, a santimita 31 na bututun da ke kwance, ya ba da kusan 213. Wannan dabara ba ta kai kile mai awo ba, amma ta fi kintace nesa ba kusa ba.

Ga masu motoci da ƴan uwa na waje

Maigida mai mota, tambayar makanike nawa littafi ya ce ba raini ba ne. Matambayi ba ya ɓata, kuma makaniken kirki zai ji daɗin tambayar. Bayan an cire taya, a sake duba notinta in an yi kilomita 50 zuwa 100. Bayan aikin kardan, a sa alamar fenti daga kan bulon zuwa jikin ƙarfe, da ya motsa ido zai gani.

Ƴan uwa da ke aiko da mota gida, ku haɗa da littafin gyaranta, na takarda ko na cikin salula. Mai aiko da piyes daga Ƙofar Ruwa ta Kano ko kasuwar Maraɗi, ya tambaya a haɗa masa da sabon noti da bulon ɗin da suka dace. Wanda ke da ƙane yana koyon makanikanci, kile mai awo kyauta ce da za ta yi masa shekaru tana aiki. Makanikan gari ɗaya ma na iya haɗa kuɗi su sayi biyu, babba da ƙarami, su ajiye wurin shugabansu.

Shawara ta ƙarshe ga iyayen gidan garaji: a samu kaye guda. Duk adadin da aka tabbatar, a rubuta shi da lambar samfurin motar, lambar inji, ma'auni, da inda aka samo shi. Motocin da ke yawo tsakanin Gidan Rumji da Gazawa ba su wuce ƴan samfura kaɗan ba, kafin shekara kayen ya ƙunshi mafi yawansu, kuma yaran da ake koya wa aiki su tashi da shi.

Allah ya tsare hanya, ya kai kowa gida lafiya.